Sabuntawa ta zo, foldar Community cike take: yaya zan yi da kayan ƙarin Flight Simulator?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tuƙa jirgi a wasan kwaikwayon tuƙin jirgin sama, Microsoft Flight Simulator na 2020, a kan kwamfuta, kuma cikin shekara biyu na tara kayan ƙari kusan 200 a foldar Community, inda ake zuba kayan da aka sauko daga waje: jirage, fenti, filayen jirgi da ƙananan manhajoji. Duk ranar da sabuntawa ta zo sai gabana ya faɗi. Wannan karon da na gama saukewa, wasan yana kaiwa tsakiyar lodi sai ya mutu. Wani abokina ya ce in goge komai in sake girkawa daga farko, ni kuwa ba ni da datar yin haka. Ina mafita, kuma yaya zan riƙa yi nan gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kafin mu je ko'ina, kada ka goge komai. Abokinka alheri yake nufinka da shi, amma shawararsa za ta cinye maka data fiye da GB 100, kuma in ka gama ka mayar da kayan nan 200 inda suke, wasan zai sake mutuwa a daidai wurin da yake mutuwa yanzu. A mafi yawan irin wannan matsala da ta biyo ta hannuna, wasan kansa lafiyarsa ƙalau. Wake ɗaya ne ya ɓata gari, kuma waken yana cikin Community.

Ga abin da za ka fara yi, ba zai ci maka ko minti biyu ba. Rufe wasan, ka je inda foldar Community take, ka sauya mata suna zuwa wani abu kamar Community_tsohuwa. Ba kwashe kayan za ka yi ba, suna kawai za ka canza, don haka ko nawa ne nauyinsu nan take za a gama. Da ka sake buɗe wasan, zai nemi Community ya rasa, sai ya ƙirƙiri sabuwa wadda babu komai a ciki. In ba ka san inda foldar take ba, nemi fayil mai suna UserCfg.opt ka buɗe shi da Notepad, ka gangara can ƙasa. Layin da ya fara da InstalledPackagesPath shi ne zai nuna maka adireshin. Wanda ya sayi wasan a Steam, shagon wasanni na intanet, zai ga wannan fayil a AppData, cikin Roaming, a foldar Microsoft Flight Simulator. Wanda ya saya a shagon Microsoft zai same shi a AppData, cikin Local, sai Packages, sai foldar da sunanta ya fara da Microsoft.FlightSimulator, a cikin LocalCache. In wasan ya buɗe har ka tashi jirgi, to ka huta da batun sake girkawa. Saura neman mai laifi.

Amma ina so ka gane dalilin da ya sa hakan ke faruwa, don wanda ya gane dalilin ba zai sake jin faɗuwar gaba ranar sabuntawa ba.

Fayilolin wasan na asali suna zaune a foldar Official. Idan wasan zai tashi, sai ya shimfiɗa su tukuna, kamar tabarma a tsakar ɗaki, sannan ya ɗauko kayan Community ya shimfiɗa a kai ɗaya bayan ɗaya bisa jerin haruffan sunayensu. Duk inda fayil na sama ya zo da suna da adireshi iri ɗaya da na ƙasa, na sama ne ake gani, na ƙasa ya ɓace. Shi ya sa za ka ga wasu masu haɗa kaya suna fara sunan foldarsu da harafin z, har ma zzz, don tasu ta zo ƙarshe ta hau kan kowa. To ranar da kamfanin Asobo, masu haɗa wasan a birnin Bordeaux na Faransa, suka fitar da sabuntawa, tabarmar ƙasa suke canzawa. Foldarka ta Community ba sa taɓa ta. Sai ya zamana sabon fayil yana ƙasa, tsohon kwafinsa da wani ya gyara tun bara yana sama ya danne shi. Sauran sassan wasan da aka sabunta suna kiran sabon, tsohon ne yake amsawa, kuma ba ya jin yaren da ake yi masa. Wani lokaci sakamakon ƙaramin abu ne, allon jirgi ya yi baƙi ƙirin ko maɓalli ya ƙi dannuwa. Wani lokaci kuwa wasan ne gaba ɗaya zai faɗi ya dawo da kai fuskar Windows, abin da 'yan harkar ke kira CTD.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili shi ne na ƙungiyar Working Title. Jim kaɗan bayan fitowar wasan a watan Agusta na 2020 suka fara raba gyare-gyare kyauta ga jirgin CJ4 da allon G3000, kuma kusan duk mai tuƙa waɗannan jirage yana da su a Community saboda sun fi na asali nesa ba kusa ba. Daga baya suka koma aiki tare da Microsoft, kuma a Janairun 2023 aka fitar da sabuntawar da ake kira AAU1, wadda ta saka ingantaccen aikinsu cikin wasan kansa. Daga ranar, tsohon gyaran da ke Community ya tashi daga taimako ya koma cikas, domin yana danne sabon da ya fi shi. Su da kansu sun sanar a cire. Amma wanda ya zuba shi tun 2021 ya manta yana nan, sai ya wayi gari jirginsa ya rikice yana ta zargin sabuntawa. Duba foldarka da kyau, ba zan yi mamaki ba in akwai irin waɗannan tsofaffin a kwance.

Daga nan za ka ga cewa kayan nan 200 ba matsayinsu ɗaya ba. Waɗanda nake tsoro su ne masu maye gurbin fayilolin wasan: gyaran allunan jirgi, gyaran yadda jirgin asali ke tashi da sauka, da duk abin da ya taɓa sandar kayan aiki da ke sauko maka daga saman allo lokacin tafiya. Wannan sandar ana yawan sake mata fasali, kuma ƙaramin kayan da ya ƙara mata maɓalli ɗaya yana iya hana wasan wuce allon lodi. Waɗannan ba na mayar da su sai na ga mai su ya rubuta da hannunsa cewa suna aiki da sabuwar fitowa.

Manyan jirage irin 737 na PMDG, A320 na Fenix da A32NX na FlyByWire ba sa danne fayilolin wasan, gidansu daban, amma sun jingina da shi ta wurare da yawa, don haka canji kaɗan a yadda ake lissafin iska ko man fetur yana iya shafar su. Akwai wani abu a nan da ke yaudarar mutane. Jirage da dama suna ɗauke da ɓangaren manhaja da ake kira WASM, wanda dole wasan ya sake sarrafa shi a karo na farko bayan kowace babbar sabuntawa. A wannan lodin na farko sandar lodi takan tsaya cak na mintuna da yawa kamar kwamfuta ta sandare. Ba ta sandare ba, aiki take. Mutum sai ya ƙosa ya kashe wasan da ƙarfi, ya bar aikin rabi da rabi, gobe kuma ya dawo ya tarar da allunan jirgi a mace. Ka ba shi lokaci, ka je ka yi alwala ka dawo. Lodi na biyu zai koma yadda ka saba.

Fenti kuwa yawanci ba shi da matsala, amma ba kullum ba. Kowane fenti yana ɗauke da ɗan fayil mai suna aircraft.cfg wanda ke nuna wa wasan jirgin da zai shafa wa. In mai jirgin ya canza sunan folda ko tsarinta, fentin ya zama maraya. Haka ta faru a 2021 lokacin da A32NX ya daina hawa kan A320neo na asali ya koma jirgi mai cin gashin kansa: fentin da aka yi wa na asali bai bi shi ba sai da aka sake masa tsari. Mafi hatsari shi ne fentin da mai shi ya haɗo da kwafin fayilolin allon jirgi a ciki. Sunansa fenti, aikinsa kuwa irin na masu maye gurbin fayilolin wasan ne. Idan ka ga jirgi ya fito da launin ruwan hoda a jikinsa, alamar wasan ya nemi hoton fenti ya rasa ke nan.

Filayen jirgi sun fi jin jiki da ɗaya nau'in sabuntawar. Ka san iri biyu ne: Sim Update, mai taɓa injin wasan, da World Update, mai sake zana wani yanki na duniya, kamar na farko da aka yi wa Japan a Satumbar 2020 ko na Birtaniya da Ireland a Fabrairun 2021. World Update yakan zo da sababbin bayanan tudu da kwari, sai filin da ka sauke ya koma yana lilo a sama ko ya nutse cikin rami. Yakan kuma zo da filayen da aka zana da hannu, in kana da naka na wannan wurin sai ka ga gini cikin gini, fitilu biyu-biyu a kan titin sauka. Maganin wannan shi ne ka zaɓi ɗaya ka cire ɗaya.

Sai wani rukuni da kusan kowa ke mantawa, domin ba a Community yake gudana ba. Manhajoji irin FSUIPC7 mai haɗa wasan da na'urorin tuƙi, injin da ke tafiyar da GSX mai kawo motocin hidimar jirgi a ƙasa, da vPilot na masu shiga VATSIM, dandalin tuƙi tare da sauran mutane ta intanet, suna gudana ne a wajen wasan, suna magana da shi ta wata kafa mai suna SimConnect. Wasunsu suna rubuta sunansu a fayil ɗin exe.xml, wanda ke kusa da UserCfg.opt, don su tashi tare da wasan. Ma'ana ko ka share Community tas, suna nan suna tashi. Idan ka sauya wa Community suna amma wasan bai daina mutuwa ba, sauya wa exe.xml suna shi ma na ɗan lokaci ka sake gwadawa. Haka nan kayan da ka saya a Marketplace, wato shagon da ke cikin wasan, su a Official suke sauka. Don su ne Safe Mode ke da amfani, wato zaɓin da wasan kan ba ka bayan ya faɗi: yana tashi ba tare da kayan Community ba, ba kuma tare da kayan wasu kamfanoni da ka saya a Marketplace ba. In a Safe Mode komai lafiya, amma da Community babu komai yana faɗuwa, to je Content Manager, sashen wasan da ake saukewa da cire kaya, ka binciki abin da ka saya.

Yanzu ga yadda ake kama mai laifi cikin kaya 200. Kada ka bi su ɗaya-ɗaya. In kowane gwaji zai ci minti biyar, kana maganar minti 1000, sama da awa 16. Raba su biyu. Mayar da 100, ka buɗe wasan. In ya mutu, ɓarawon yana cikin waɗannan. In ya tashi, yana cikin ɗarin da ke waje. Sai ka raba ɗarin da ake zargi, 50, sannan 25, sannan 13, haka har ya rage ɗaya. Gwaji takwas ya isa kaya 200, kai har 256. Sharaɗi ɗaya: kowane gwaji ka yi shi da jirgi ɗaya, a fili ɗaya, a yanayi ɗaya, in ba haka ba ba za ka san abin da ya canza ba.

Bari in ba ka labarin wanda ya fi ba ni wahala, don akwai darasi a ciki da lissafin nan bai nuna ba. Bayan wata sabuntawa, wasana yana buɗewa lafiya, in tashi daga Abuja lafiya, in hau sama lafiya. Sai na fara gangarowa Kano, na saita titi na 06 a na'ura, fitilun gari sun fara bayyana can gaba, sai hoto ya tsaya, ƙarar inji ta maƙale a sauti ɗaya na daƙiƙa biyu, sai ga ni a fuskar Windows. Dare uku a jere, a wuri ɗaya. Na raba kaya biyu, rabin farko lafiya. Na gwada rabi na biyu, shi ma lafiya. Na haɗa su, ya faɗi. A nan na gane ba ɓarawo ɗaya ba ne, mutum biyu ne ba sa ga maciji da juna. Sai na canza dabara: na bar rabin farko a ciki dindindin, na riƙa rarraba na biyu a kansa har na kama ɗaya, sannan na bar wannan ɗayan na rarraba rabin farko. Ashe wani ƙaramin filin jirgi ne na kyauta da na sauke na manta, da kuma wani tarin motoci da kayan filin jirgi, dukansu suna ɗauke da abu ɗaya mai lambar shaida iri ɗaya. Kafin sabuntawa wasan yana haƙuri da su, bayanta ya daina. Kuma ba ya faɗuwa sai jirgi ya matso kusa inda za a loda wannan yankin. Tun daga ranar, in zan gwada irin wannan matsala ba na sake tashi daga Abuja. Jirgin nake ajiyewa kai tsaye a filin Malam Aminu Kano, DNKN, in ga ko zai loda. Gwajin awa ɗaya ya koma na minti biyar.

Windows ma yana ajiye shaida. Buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sai Application, ka nemi jan kuskuren da ya zo daidai lokacin da wasan ya mutu. Layin da ke cewa Faulting module name shi ne abin dubawa. In sunan da ke wurin na direban katin hoto ne, wato manhajar da ke tafiyar da katin, irin waɗanda ke farawa da nv na NVIDIA, to matsalar ba ta kayan ƙari ba ce. In FlightSimulator.exe ne da kansa tare da lambar 0xc0000005, wannan yana nufin wasan ya taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da bai kamata ba. Lambar ba ta faɗin wanda ya jawo, kuma kayan ƙari da suka lalace suna cikin masu jawo ta, don haka rabon nan biyu-biyu bai faɗi ba.

To batun nan gaba. Shawarata ɗaya ce, kuma ita ce ta raba ni da wannan ciwon kai: ka daina mayar da Community rumbu. Teburin mai shago ce, abin da za a yi ciniki yau kawai ake ɗorawa, sauran kaya suna sito. Buɗe wata folda daban, a wani faifan in kana da shi, ka ba ta gajeren suna kamar D:\Kaya. Gajartar tana da dalili, domin Windows yakan rikice da adireshin fayil da ya wuce haruffa 260, kuma wasu fenti sunayensu kamar jirgin ƙasa suke. A ciki ka ware jirage, fenti, filaye bisa nahiya ko ƙasa, sannan folda ta musamman ga masu taɓa fayilolin wasan. Sai ka sauke manhajar kyauta mai suna MSFS Addons Linker. Aikinta shi ne ta ajiye ɗan mahaɗi a Community wanda ke nuna inda ainihin kayan yake. Wasan yana ganin mahaɗin kamar folda ce ta gaske. Ka danna akwati kaya ya shiga, ka cire alamar ya fita, babu kwafi babu gogewa. Kana iya ajiye jeri-jeri, wannan na tafiyar Kano zuwa Jidda, wancan na yawo da ƙaramin Cessna. Ranar sabuntawa dannawa ɗaya ta kwashe komai. Rabon nan biyu-biyu ma ya zama wasan yara. Ga kuma ribar da ba ka nema ba: wasan yana duba duk abin da ke Community kafin ya buɗe, don haka kaya 20 sun fi kaya 200 saurin lodi. Babu dalilin loda filayen Turai guda 60 alhali Sakkwato za ka.

Kayan da suka zo da manhajar girkawa tasu, irin FlyByWire, Fenix, GSX da Navigraph, ka bar manhajar ta riƙa shigar da su da fitar da su, ko ka nuna mata sabon sito a saitinta. In ka kwashe su da hannu takan ɓace musu, ta ce ba a girka ba. Navigraph na da nasa lissafin: bayanan hanyoyin sama ana sabunta su duk kwana 28, zagayen da ake kira AIRAC. Ni kafin babbar sabuntawa ina cire bayanansu ta manhajarsu, in buɗe wasan sau ɗaya, sannan in mayar. Kuma ka tabbata zagayen da ke cikin jirgi ya yi daidai da na manhajar da ke tsara maka hanya, in ba haka ba za ka shigar da hanya na'ura ta ce ba ta san wata tasha ba.

Ranar sabuntawar kanta, a wasan 2020 ba ka da zaɓin ƙi, sai ka sauke kafin ya bar ka ka shiga. Abin da ke hannunka shi ne lokacin da za ka buɗe wasan. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada ka fara saukewa sai ka tabbata datarka za ta kai, kuma wuta za ta zauna ko inbata ya cika. Wasan yana saukewa yana warware fayiloli a lokaci guda, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar warwarewa takan bar gurguwar fayil da zai riƙa maimaita saukewa ba iyaka. In hakan ta faru, fayil ɗin da ya maƙale kawai ake nema a Official a goge, ba wasan duka ba. Sannan ka buɗe ido a allon farko da ke nuna girman abin da za a sauke. A ƙasansa akwai adireshin inda za a zuba. In ka ga yana neman GB 100 ko fiye, tsaya, kada ka danna komai. Kusan kullum adireshin ne ya koma wani wuri daban, wasan bai ga Official ɗinka ba, yana shirin sauke duniya daga farko. Nuna masa foldar da ta ƙunshi Official da Community, za ka ga adadin ya faɗo. Maɓallai biyu kuma ka yi nesa da su: Reset na saitin manhajoji a Windows ga mai wasan shagon Microsoft, wanda ke share LocalCache da duk abin da ke ciki har da Community in a can take, da kuma tantance fayiloli na Steam in ka zuba kayan wasan cikin foldar Steam ɗin kanta. Wannan ma wani dalili ne na ajiye sitonka a waje.

Da saukewa ta ƙare, shiga Content Manager ka sabunta abin da ya rage, don sabuntawar dole ba ta haɗawa da jirage da yankunan da ka ƙara daga baya. Sai ka je saitin Data ka goge Rolling Cache, ma'ajiyar hotunan ƙasa da wasan ke tarawa, ka sake ƙirƙirar ta, saboda tsohon hoto a kan sabuwar ƙasa yana kawo tsaiko da faɗuwa. Na san wannan yana nufin sake cin data kaɗan a wuraren da ka saba bi, amma ya fi sauƙi a kan kwana uku na bincike. Rufe wasan, ka sake kunna kwamfuta, ka ɗauki Cessna 172 na asali ka yi zagaye ɗaya ka sauka, ba tare da kayan kowa ba. Wannan zagayen shi ne ma'auninka. Ka duba saitin hoto da na sandar tuƙi, don sabuntawa takan mayar da wasu yadda suka zo. Hoton saitinka da ka ɗauka da waya tun kafin ranar zai yi maka rana. Kuma kada ka sabunta direban katin hoto a wannan ranar. In abu biyu suka canza tare, matsala ta zo, ba ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba.

Sannan ka fara mayar da kaya rukuni-rukuni: filaye, sai fenti, sai manyan jirage bayan ka buɗe manhajar kowannensu ka ga ko akwai sabo. Masu taɓa fayilolin wasan su ne na ƙarshe. A nan haƙuri ake bukata, sauri ya haifi nawa. Sim Update 5 na ƙarshen Yulin 2021, wanda ya zo tare da fitowar wasan a Xbox, ya canza abubuwa da yawa a ciki har kaya masu ɗimbin yawa suka daina aiki, kuma masu su sun ɗauki kwanaki, wasu makonni, kafin su gyara. FlyByWire suna da layi biyu, Stable wanda aka gama gwadawa da Development wanda ake kan aiki a kansa, kuma gyaran da ya biyo bayan sabuntawa yakan fara sauka a Development. Kayan da ka saya a Marketplace kuwa gyaransu yakan makara a kan wanda aka saya kai tsaye wurin mai shi, domin sai ya bi layin tantancewa kafin a sake shi. Ka riƙa tuna wannan lokacin sayayya. Gwajin beta kuma, wato karɓar sabuntawa kafin a sake ta ga kowa, mai ƙirga data ba nasa ba ne: ana sauke fitowa bayan fitowa, kuma masu kayan ƙari da yawa ba sa karɓar ƙorafi daga wanda ke kan beta.

Akwai aiki ɗaya mai gundura da nake roƙonka ka yi. Cikin kowace foldar kaya akwai fayil mai suna manifest.json, in ka buɗe za ka ga sunan mai shi da lambar fitowar. Buɗe takarda, ko ta Excel ko littafi na hannu, ka rubuta sunan kaya, inda ka samo shi, lambarsa, da ranar da ka sauke. Kana cikin rubutun za ka tarar da abubuwan da ba ka ma tuna ka sauke ba, da waɗanda masu su suka yi watsi da su tun shekaru. Duk kayan da ke taɓa fayilolin wasan kuma mai shi ya daina sabunta shi, ka sallame shi ko da kana son sa. Ina jin cikin 200 ɗin nan, waɗanda kake amfani da su da gaske ba su kai 50 ba.

In wata rana ka koma Flight Simulator 2024, wanda ya fito a Nuwamban 2024, kada ka juye masa tsohuwar Community ɗinka gaba ɗaya. Wasu kayan 2020 suna aiki a cikinsa, wasu sai an sake su, don haka ɗaya-ɗaya ake shigar da su bayan an duba abin da mai su ya ce. Ka kuma sani cewa shi yawancin kayansa daga intanet yake janyo su kana cikin tafiya, abin da mai sayen data ya kamata ya auna kafin ya saya. Masu X-Plane, wani wasan tuƙin jirgi na kamfanin Laminar Research, su tasu ta fi sauƙi ta wani ɓangaren: wasan duka a folda ɗaya yake, kana iya kwafe ta gefe ka sabunta kwafin ka bar na asali, ga kuma Log.txt da ke rubuta abin da aka loda har zuwa inda aka faɗi. Su wuraren da suke bincika su ne Custom Scenery da foldar plugins da ke cikin Resources.

Yau da dare ka sauya sunan Community ka buɗe wasan. In ya tashi, ka fara da fitar da duk wani gyaran allon jirgi da na sandar kayan aiki kafin ma ka shiga rabo biyu-biyu, don a nan na fi zargi tunda a tsakiyar lodi yake mutuwa. In bai tashi ba ko bayan ka sauya sunan exe.xml ka kuma gwada Safe Mode, turo mini abin da ke rubuce a layin Faulting module name da lambar da ke ƙarƙashinsa, tare da faɗa mini ko na Steam ne ko na shagon Microsoft, sai mu ɗora daga nan in sha Allah.